Gefen da Aka Yanke

Shekara talatin da ɗaya ina wanke hoto
a gindin matakalar Cerro Alegre,
shagon bai fi ɗakin girki ba,
daga ni, Heriberto, sai wuƙar yankan takarda
wadda ta riga ni zuwa Valparaíso.

Baƙi kan zo da kyamara rataye a wuya,
su tsaya inda na jiya suka tsaya.
Gidajen kwano sun goya juna har kan tudu,
shuɗi bisa ruwan ɗorawa, ja bisa kore,
teku na can ƙasa tana jira a ba ta kusurwa.

Wani ya ce, "Maigida, miƙe min bangon nan, ya karkace."
Na ce ba hannunka ba ne, haka yake
tun girgizar ƙasa ta zamanin mahaifina.
Ya ce duk da haka.
Na miƙe bango, teku ta tuntsure gefe guda.

"Cire wayar lantarkin nan."
"Kwandon shara ya ɓata ƙofar."
"Wannan matar ta shigo ba a kira ta ba."
Ƙaras! Wuƙa ta sauka,
ƙofa ta fito tsaf
kamar ba a taɓa ƙwanƙwasa ta da dare ba.

Ba na musu. Ni ma haka na koya wa Nibaldo, yaron shagona:
kada ka dasa ƙofa a tsakiya kamar hanci,
gusa da ita, bar wa matakala wurin tafiya,
jira inuwa ta sauko hawa na bakwai.
Ido a ja shi ake yi, ba a tura shi.
Gaskiya ce, kuma da ita nake cin abinci.

Sai dai abin da ya faɗo ƙasa ba na share shi.
Akwai gwangwanin biskit a ƙarƙashin tebur
cike da siraran takardu, faɗin yatsa biyu.
Rabin kare.
Igiyar shanya da safa ɗaya.
Tayar motar mai tallan gas.
Hannun Doña Eduvigis riƙe da tsintsiya
a hotunan mutanen da ba su san juna ba,
ba su kuma san ta ba.
Ita ke wanke matakalar nan kafin gari ya waye,
ƙyallin da suke durƙusawa su ɗauka
ruwan bokitinta ne bai gama bushewa ba.

Ta rasu a Yuli, ana ruwa, ana sanyi.
’Yarta Brunilda ta shigo da lema tana ɗiga,
tana neman hoton da za a ɗora kan akwatin gawa.
Babu ko ɗaya a gidan.
Matar da ta ratsa hoto dubu.

Na zazzage gwangwanin a kan tebur,
muka kwana muna jerawa, ni da Nibaldo.
Ga gwiwar hannu, ga bakin siket,
takalmin roba da aka ɗinke da waya,
ƙeya da furfura ta fara taɓawa,
wata ƙeyar kuma da ta gama da ita,
kunne guda, da wani yanki na dariya
wanda na tuna ranar da na yanke shi.
Fuskar ce ta ƙi cika.

Brunilda ta daɗe tana kallo.
Ta ce a manne su haka, da giɓinsu,
ai uwata ba ta taɓa tsayawa ba
balle a ɗauke ta gaba ɗaya.

Jiya wani ya shigo da hoton matakalar,
ya ce ta yi masa duhu,
ba haka ya gan ta a jikin kati ba,
ko zan iya ƙara mata haske?
Na karɓa, na juya shi, na duba gefensa.
Na ce zan gwada.